Kwalbar Yaya Habu a Guangzhou

Lahadi, Kano zuwa Addis

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Gyaɗi-Gyaɗi, ni da yayana Habu, cikin watan Yulin 2008. Shekara uku ke nan da 'yan fashi suka tare motarsu da dare, suka harbe direban a gabansa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ni na matsa ya raka ni sarin yadi, wai ko sauyin wuri zai taimaka. Jirgin Legas ya yi lattin awa biyu, na Addis ya ƙara mana uku, ƙafafuna suka kumbura kamar burodi.

Talata, Guangzhou

Mun sauka ƙarfe uku na rana. Saboda gasar Olamfik ko'ina 'yan sanda ne, amma Allah ya sa ba su buɗe jakarmu ba. Malam Idi, ɗan Damagaram da ke yi mini lodin kaya, ya kai mu masauki kusa da kasuwar Tianxiu, yuan ɗari da ashirin kwana. Muka ci taliya da naman rago ta yuan goma.

Za mu kwanta sai Yaya ya zaro 'yar kwalba daga cikin safa, ya ɗiga a ƙarƙashin harshe.

"Yaya, wannan fa?"

"Man wiwi ne, amma na asibiti. Likitana na Holan ya rubuta mini, can da nake sayo motoci. Ga takardar, har da hatimi."

Ya yi barci har da minshari. Ni ko na kwana ina kallon ƙofa.

Laraba

Da safe muka nuna wa Malam Idi takardar. Ya jujjuya ta, ya mayar wa Yaya.

"Alhaji, wannan a Holan take aiki. Ɗaki-ɗaki polis ke bi yanzu. In suka gani, ɗauri ne, ko abin da ya fi ɗauri."

Yaya ya miƙo mini kwalbar. "Zubar da hannunka, ni ba zan iya ba."

Na zubar a banɗaki, na kora ruwa sau uku. Bayan la'asar 'yan sanda suka ƙwanƙwasa, suka duba fasfo, suka zazzage jakunkunanmu. Da suka fita na nemi maganin barci a kemis biyu. Ba takardar likitansu, sai "meyo" kawai, wato babu.

Alhamis zuwa Litinin

Da rana muna kasuwa, ko masaƙa a Panyu, tafiyar awa guda a tasi. Da dare kuwa, wajen ƙarfe biyu, Yaya zai zabura sharkaf da gumi, ya durƙusa bayan gado yana cewa a kashe fitila, ga su nan. In dafa shayi, in riƙe hannunsa har asuba. Ranar Asabar na yi gyangyaɗi a kan dilar yadi, mai masaƙar yana mini dariya.

A dare na huɗu haƙurina ya ƙare. "Yaya, don Allah ka bar ni in runtsa."

Ya saki hannuna. Da asuba na same shi zaune a ƙasan banɗaki, ya cusa tawul a baki don kada ya tashe ni. Har yau ina jin kunyar wannan maganar. Ranar na sauya mana tikiti, rabin sarin ma ban yi ba.

Laraba, gida

Ƙarfe tara na dare muka iso. Matarsa, Anti Binta, ta buɗe ƙofa, ta kalli idonsa, ta kalli nawa.

"Kwana nawa ba magani?"

"Shida. Bakwai da na jirgi."

"Sannu. Je ka kwanta, na karɓa. Kafin a samo maganin nan shekara biyu na yi ina wannan zaman."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo da mu lafiya, sai Malam Idi da ya faɗa mana gaskiya. Batun maganin na bar wa likitoci. Amma babbar godiyata ga Anti Binta take. Gidana da nasu katanga ɗaya ce, kuma a shekara biyun nan ban taɓa tambayarta yadda take kwana ba.