Kwalbar Humrar Tasalla

Mijinyawa maƙwabcina ne a Rogo, katanga ɗaya ta raba mu, ita ma rabinta zana ce. Kakansa Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, don haka ban taɓa barinsa ya sha ruwa da daɗi ba. Shi ma ba ya raga mini.

Sana'arsa kwalabe. Yana da tsohon keke da buhuna biyu, yana zaga ƙauyuka daga Jajaye har Falgore, wani lokaci ya kai Karaye, yana saye a hannun matan aure. Kafin ka gan shi ka ji ƙararsa. In ya dawo sai ya zuba yashi da toka da ruwa a kowace, ya yi ta girgizawa, ya ɗauraye, ya kife a rana. Masu man gyaɗa ne ke saye, kuma sai sun shinshina kafin su ɗauka. Alfaharinsa a duniya shi ne ba a taɓa dawo masa da kwalba don wari ba. Haka ya koya wa 'yarsa Saude tun tana ƙarama: kwalbar da ƙanshin wani abu ya rage a cikinta ba a wanke ta ba.

Akwai waɗanda ba ya sayarwa, yana jera su a kan wani katako a ɗakinsa. Da ƙuruciya ya yi dako a kantin wani tsohon Kwara ɗan Labanan a Kano, shi ya buɗe masa ido kan kwalabe. Wai a da yashi ake narkarwa, a lakato da dogon bututun ƙarfe, mutum ya yi ta hurawa kamar mai algaita har kwalba ta kumburo. Sai a manna mata sandar ƙarfe a ƙasa don a gyara bakin, in an gama a ɓalle. Tabon da ya rage shi yake kira cibiya. Wadda aka hura cikin mazubi tana da ɗinki a gefe. In ɗinkin ya tsaya a wuya, tsohuwa ce, in ya kai har leɓe, ta inji ce, 'yar jiya. 'Yan kumfan da ke cikin gilashin kuwa yana ce musu numfashi, wai na wanda ya hura ne ya maƙale. Na ce masa ashe shi ma tsohuwar kwalba ne, ga ƙatuwar cibiya ga wuya a karkace. Ya ce ni ɗinkina har leɓe ya kai, shi ya sa bakina ba ya rufuwa.

A cikinsu akwai wata 'yar shuɗiya mai cibiya, wadda ba sayenta ya yi ba. Da ita matarsa Tasalla ta zo gidan, ta kakarta ce, a ciki take ajiye humrar da take haɗawa da hannunta. Ba wanda ta gaya wa abin da take sawa. Mu dai ta katanga muke samun rabonmu, har nakan ce Bazazzagi ya auri abin da ya fi ƙarfin hancinsa.

Tasalla ta rasu shekarar da aka yi ƙidaya, bayan zazzaɓin da bai yi tsawo ba. Humrar ta riga ta ƙare, sai baƙin gutsuri da ya bushe a ƙasa. Amma ƙanshin na nan. Kullum bayan la'asar zai cire toshiyar, ya shaƙa sau ɗaya, ya yi maza ya rufe don kada ya tsere. Na taɓa tsokanarsa cewa ya koma shan taba ta hanci. Bai rama ba. Daga ranar na bar wannan.

Daga nan abubuwa suka yi ta zamewa. Galan da robobi suka cika kasuwa, masu mai suka rage neman kwalba. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma yana bin sawu. Keke ya koma jingine.

Ana gab da babbar salla Saude ta zo daga Kwanyawa, inda take aure, don ta gyara wa mahaifinta gida. Ya tafi masallacin Juma'a, ni na ja masa hannu. Ita kuwa ta ga katako ya yi ƙura, ta sauke kwalaben duka, ta kawo yashi da toka. Da muka dawo suna kife a rana suna sheƙi, 'yar shuɗiyar a tsakiya.

“Baba, ka ga ta Inna? Ita ta fi ba ni wuya. Sai da na jiƙa ta da ruwan zafi kafin baƙin nan ya fita.”

Ya laluba ya ɗauka, ya kai hanci. Ya shaƙa, ya sake shaƙa. Sannan ya ce, “Kin wanke da kyau, Saude. Allah ya yi miki albarka.”

Ta shiga ɗaki da murnarta. Ya miƙo mini, ya ce in shinshina. Babu komai, sai toka da rana. Na ce masa ƙanshi na nan tsaf, hancinsa ne ya bi idonsa.

“Bakano,” in ji shi, “ƙaryar ma ba ka iya ba. Ni na koya mata wanki.”

Ya roƙe ni kada in gaya wa yarinyar, ban kuwa gaya mata ba. Na sa uwargidana ta tambayi masu haɗa humra har Karaye, aka kawo masa kala-kala. Yakan shaƙa ya ce da daɗi, ya mayar.

Bai mai da 'yar shuɗiyar kan katako ba, cikin buhun sayarwa ya jefa ta. Wata mai man gyaɗa daga Falgore ta zo, ta ɗaga ta, ta shinshina, ta ce kwalaben Mijinyawa dai ba su da na biyu wajen tsabta. Ya ce haka ne.

Ya rasu da daminar da ta biyo. Ranar da aka raba kayansa, ba wanda ya so kwalaben, sai na kwaso su. Suna nan a zaurena. Har yanzu in yara sun kawo wata, sai na juya ta na duba ko tana da cibiya.