Jikana da Tankin Matan Kifi

Faɗan farko da jikana ya yi da matarsa a kan faranti ne, kuma ƙasa ya sha. Ta shigo kicin ta tarar ya shanya abincin kifi a farantin baƙinta, ya fesa masa maganin nan mai mayar da 'ya'yan kifi maza.

"Ai kaɗan ne, wankewa za a yi," in ji shi.

Ta ce, "To ran da na tashi da gemu, kai za ka aske min?"

Ya kwashi tarkacensa ya koma bayan shagon yayansa.

Kifin ado yake kiwo, ƙananan nan da ake zubawa a gilashi a yi ta kallo, ba a ci. Mazan ke da jela kamar sun yi anko, matan kuwa toka-toka, mai saye ko kallonsu ba ya yi. Shi ya sa ake jiƙa garin maganin da sifirit, a fesa a abinci, a ba 'ya'yan makonnin farko, yawancinsu su tashi maza. Na ce masa, "Maigida, duk duniya sai a ruwa na ga namiji ya fi mace kwalliya."

Sau ɗaya hannunsa ya yi nauyi, tanki guda suka tsumbure, ba girma ba haihuwa. Tun ranar yake auna garin da ɗan sikeli, baki a rufe kada numfashi ya hure shi, ya rubuta kwanan wata jikin kowane gilashi. Kuma kullum akwai tanki ɗaya a kusurwa da ko ƙamshin magani ba ya ji. Nan uwayen gobe suke tasowa. Yaron da bai iya ajiye takalminsa wuri ɗaya ba, wai shi ne wannan!

Bana wani otal ya nemi maza zalla masu yawa. Yayansa, mai shagon, ya tsaya kai da fata sai an sa wa tankin kusurwa magani. Ina zaune a kan bokiti suka yi ta yi.

"Ciyar da munana kake a banza! Ciniki ya zo har ƙofa, ka tsaya lallashin toka?"

Jikana bai ɗago daga sikelinsa ba. Ya ce, "Na ji, Yaya. In sun zama maza duka, baɗi kai za ka haifa mana?"