Sifika a Kowane Ɗaki, Ban da Ɗakin Mama

Kakarmu Saratu ba ta ba da tatsuniya a banza. Sai hannunka yana aiki bakinta yake buɗewa.

A Makera, cikin garin Kaduna, muka tashi, a wani gidan haya mai ɗaki takwas da famfo ɗaya, wanda rabin shekara ba ya kawo ruwa. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, Mama kuma tana da teburin kayan miya a bakin titi. Kaka, wato mahaifiyar Baba, ta baro ƙauyenmu can kudancin Kaduna bayan rasuwar mijinta. Tana zuwa ta ce ita ba za ta zauna tana kallon bango ba, ta kama suyar gyaɗa. Da an kwashe kwanukan tuwo, gari bai gama yin duhu ba, sai ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora kasko, ta zuba yashi. Mu kuma, ni da yayana Ishaku da yaran maƙwabta, mu kewaye ta da faifai muna murje ɓawo muna hurewa. Har yau in na ji ƙanshin soyayyar gyaɗa sai tafin hannuna ya ɗauki zafi.

Ba ta farawa yadda sauran tsofaffi suke farawa. Sai ta ƙwanƙwasa bakin kasko da cokali ta ce, "Wa ya zo da kunnensa?" Kowa sai ya amsa da bakinsa, ita kuma ta dube shi ido cikin ido kafin ta wuce kan na gaba. Akwai wata maƙwabciyarmu, Maman Ngozi, matar wani bakanike, wadda take son tatsuniya amma tana jin kunyar zama cikin yara. Sai ta laɓe a tagarta. Kaka ta ce, "Maman Ngozi, ina ganin inuwarki. Ni ba na yi wa labule tatsuniya. Ko ki fito, ko ki rufe taga." Haka baiwar Allah take fitowa da kujerarta tana dariya, a miƙa mata faifai ita ma.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta tsohuwa mai niƙa.

Wai an yi wani mai arziki, gidansa ɗaki goma sha biyu. A gidan akwai wata tsohuwa da take niƙa a tsakar gida, tana niƙa tana waƙa. In ta fara, mai shara ya jingine tsintsiya, mai daka ta ajiye taɓarya, kowa ya zo ya zauna kusa da dutsen niƙa. Wani ya miƙo mata ruwa, wata ta karɓe ta ta ɗan huta. Maigidan ya fi kowa son waƙar, sai dai yana ganin babban mutum kamarsa bai kamata ya riƙa tsugunawa cikin yara ba. Sai ya yi dabara. Ya sa aka saro gora dogaye aka fafe cikinsu, aka huda bangon kowane ɗaki aka zura. Aka gina wa tsohuwa ɗaki mai kyau a can ƙarshen gida, inda bakin gorar duka suka haɗu, aka ce ta riƙa niƙa a can.

"Kai, abu ya yi daɗi!" in ji Kaka, tana juya gyaɗa. "Kana kwance a gadonka waƙa tana zuwa maka kamar ruwan famfo. Famfon wasu fa, ba namu ba."

Daga nan babu wanda ya sake taka inda take. Mutanen wannan ɗaki suna cewa ai na wancan sun kai mata abinci, na wancan suna cewa ai na wannan sun kai. Tunda waƙa tana zuwa, lafiyarta ƙalau ke nan. Da muryar ta fara dushewa, sai su kafa baki a gora su ce, "Tsohuwa, ɗaga murya!"

A nan Kaka takan tsaya ta ce, "Da ku ne ita, me za ku yi?" Ishaku ya ce zai yi kuka. Ni na ce zan gudu.

"Kuka? Gudu? Wa ya haife ku ne?"

Tsohuwa dai ta kwaɓa laka da sauran ruwan da ke tulunta, ta bi gorar ɗaya bayan ɗaya ta toshe, ta koma ta miƙe ƙafa. Gida ya yi tsit. Kwana ɗaya, kwana biyu. Rana ta uku sai ga maigida da gudu, riga tana jan ƙasa. Ya same ta ta rame kamar karan dawa. Ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, "Au, ashe kana da ƙafa."

Wayyo dariya! Har faifai yake kifewa, Kaka ta hau mu da faɗa. Sharaɗin tsohuwa ɗaya ne: ya ɗauki dutsen niƙan nan da kansa, a kansa, ya mayar tsakar gida. In muka tambaya, "Kaka, ya ɗauka?" sai ta ce, "Yana son waƙa ko ba ya so?" Ta kwashe gyaɗarta ta ce, "Na sauke kayana, kowa ya tsinci nasa. Ku je ku wanke ƙafa."

Kaka ta rasu ina sakandare. Masaƙa ta rufe, bayan wasu shekaru Baba ma ya bi mahaifiyarsa. Ni na zama malamar makaranta, ina nan Makera ban yi nisa ba. Ishaku kuwa Allah ya buɗa masa, yana Abuja da iyalinsa. Bara waccan ya gina gida na biyu, mai bene, a Narayi nan Kaduna, inda za su riƙa sauka lokacin Kirsimeti da hutun yara, Mama kuma ta bar gidan haya ta koma can, da wata mata daga cocinmu da za ta zauna da ita. Mama ta tsufa, gwiwa ta sa ta a gaba, daga gado zuwa ƙofa ma sai da sanda.

Ishaku mayen kiɗa ne tun yana yaro. Ya ce shi gidan nan sai an sa masa sifika a kowane ɗaki, irin wadda ake sarrafawa da waya. Ya turo wani Oga Chinedu daga Sabon Tasha, ya ce in tsaya a kan aikin tunda shi ba ya gari.

Gaskiya ɗaya ce, abin ya burge ni. Chinedu ya huda silin ya lafe sifikun a ciki, ba ka ganin komai sai ɗan farin faranti. Ya haɗa su da intanet ɗin gidan, ya sa wa kowace suna a wayata: Falo, Kicin, Ɗakin Oga, Ɗakin Yara, Baranda. Ya nuna mini yadda zan sa waƙar coci a kicin, yara suna jin nasu kiɗan a ɗakinsu, ko in haɗe su duka gida ya ɗauki waƙa ɗaya. Na sa wata tsohuwar waƙar zumuntar mata, na fita daga falo ta biyo ni kicin, na fita baranda na tarar tana jira na. Ni da furfurata sai da na taka rawa, Chinedu yana tafa mini.

Sai muka zo ɗakin Mama. Ka bi ta kicin, ka wuce sito, ka wuce wurin wanki, sannan ka kai. Ɗaki ne mai kyau, da banɗaki a ciki, ba matakala ko ɗaya. Chinedu ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga waya sama, yana juyawa.

"Anti, akwai matsala," ya ce. "Intanet ba ya kawowa nan. Ɗakin Mama ya yi nisa. Sai an ƙara na'ura a hanya ta jawo shi."

Na kira Ishaku na faɗa masa.

"Ba komai, a ƙara," ya ce. "Ki ce masa ya sa mata irin wadda za ta yi magana a ji ta a ko'ina. Kin ga in tana son wani abu ba sai ta tashi ba. Ni ma daga nan Abuja zan riƙa sa mata waƙoƙin safe. In mun zo hutu kuma, yara daga ɗakinsu ma sai su ce mata ina kwana."

Daga ɗakinsu. Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na tsaya a wannan dogon lungu ina kallon ƙofar da ko intanet ya gaji kafin ya kai, na ga Mama a ciki zaune a bakin gado, waƙa tana zubo mata daga silin, kowa yana cewa ai tana lafiya tunda mun ji muryarta da safe.

Na ce, "Yaya, ba za a sa ba."

"Me ba za a sa ba?"

"Sifika a ɗakin Mama. Kuma Mama ba za ta kwana a ɗakin nan ba."

"Rahila, kina da hankali kuwa? Don ta huta na zaɓa mata can. Ba hayaniya, ba yara. In ta faɗi fa, wa zai ji ta?"

"In ba a jin ta, ɗakin ne ya yi nisa. A matso da ita."

"A matso da ita ina?"

Ya san ina. Ɗaki ɗaya ne a ƙasa ƙofarsa take buɗewa cikin falo, shi ne wanda ya ware wa kansa don jin kiɗa. Har an shigo da wasu manyan sifiku biyu masu tsayin yaro, da kujera guda mai laushi.

Ya ce, "Gidan wa ne?"

Na ce, "Gidanka ne. Uwar ta wa ce?"

Ya kashe waya. Tunda nake ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Chinedu ya sunkuyar da kai yana ta gyaran wata waya da ba abin da ya same ta. Na ce, "Oga Chinedu, ajiye wannan, zo ka kama mini gado."

"Anti, Oga zai kashe ni."

"Ni zai fara kashewa, kafin ya zo kanka ka gudu."

Ya yi dariya, ya ce shi ma tasa uwar tana ƙauye, kullum sai dai waya. Sai ya kama. Muka fitar da manyan sifikun zuwa falo, muka shigar da gado da akwatin Mama. Bayana ya yi sati yana ciwo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar Mama da ta ji labari. Ta kama hannuna ta ce, "Rahila, kada ku yi faɗa saboda ni. Duk inda aka ajiye ni zan zauna." Aka ajiye! Matar da ta yi shekara talatin a rana tana sayar da tumatir don mu yi karatu, yau ita ce take maganar kanta kamar buhun masara. Na fita baranda na yi kukana, na share ido, na dawo na ce mata, "Mama, nan ne ɗakinki. Wanda bai so ba ya zo ya same ni."

Wata biyu Ishaku bai ɗauki wayata ba. Matarsa ta ce wa dangi na shiga gidan da ba nawa ba ina mulki. Na ce eh, na shiga, gobe ma in ta kama zan sake.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan ta mugun mutum ce. Sai da na girma na lura Kaka ba ta taɓa cewa maigidan mugu ne ba. Son waƙar yake yi, ɗakin da ya gina kuma mai kyau ne. Ishaku ma haka. Yana son Mama, ba na shakka, da na ce a sa mata sifika goma da ya sa. Wannan ne ya tsorata ni. Mugu kana ganinsa ka tare shi. Amma ɗa mai son uwarsa, wanda ya samo hanyar gaishe ta ba tare da ya tashi daga kujera ba, wa zai ce masa ya yi laifi? Ita dai ba za ta ce ba. Tsohuwar tatsuniyar Kaka tana da laka da taurin kai, tawa uwar kuwa haƙuri ya yi mata yawa. Shi ya sa na yi taurin kan a madadinta.

Kirsimeti ya zo, suka iso da motoci biyu. Gida ya cika, kiɗa a kicin daban, a ɗakin yara daban, a baranda daban. Ni ban hana kowa ba, har ni nake zaɓar na kicin. Amma ba yadda za ka yi ka ratsa falon nan ba ka wuce ta ƙofar Mama ba, kuma ƙofar a buɗe take. Yara suna zuwa ɗaukar ruwa a firji sai ta kira su, su shiga suna tura baki, bayan rabin awa ka leƙa ka tarar suna kwance a gadonta tana tsefe wa ƙaramar kai.

Ishaku ya gaishe ni sama-sama. Ya zauna a falo tsakanin manyan sifikunsa, ya ƙure kiɗa har gilashin taga yana rawa, na san da ni yake. Na ci gaba da aikina. Sai muka ji daga ɗakin Mama, da wannan muryar da take kiran mu da ita daga bakin titi a Makera:

"Ishaku! Rage abin nan, kana fasa mini kai!"

Mutum mai shekara hamsin da wani abu, mai ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya zabura yana laluben waya a aljihu. Ya ce, "To, Mama." Ya rage. Sannan ya tashi ya shiga wurinta, na ji tana tambayarsa ko ya ci abinci.

Har yau yana gaya wa mutane na ƙwace masa ɗaki. Gaskiya ne, na ƙwace. Kuma muddin Mama tana numfashi ba zan mayar ba.