Baba Isyaku, Mai Ɗaukar Masu Rai

Kullum bayan sallar asuba, Baba Isyaku yakan zauna a ƙofar gidansa a Gyadi-Gyadi yana murza man zafi a kafaɗarsa. In ya gama, sai ya leƙa zaure ya duba gadon nan nasa na tamfol mai sanduna biyu, ko ɓera ya taɓa.

Ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna ma a firamare ya tsaya. Amma tun da sojoji suka miƙa mulki bana nake jin samari suna tsokanarsa: "Baba Kofur, an ce ku koma bariki, me kake jira?" Yakan ce, "Jira nake ku yi hankali." Abin yana damuna, shi ya sa na rubuta wannan.

A yaƙin basasa bai harbi kowa ba. Aikinsa shi ne ya shiga inda mutane suke gudu, ya ɗauko wanda harsashi ya kayar, ya kai shi wurin likita. Malam Garba mai gyaran rediyo a Tarauni da ƙafa ɗaya ya dawo daga can. Ya ce mini, "'Yar nan, mutumin nan ya ɗauke ni tun hantsi har la'asar cikin taɓo, yana ta zagina don kada in yi barci."

Mota ba ta shiga lungunmu. Da daminar bara naƙuda ta zo wa yayata Ladi da gardama, jini ya ɓalle, ga ruwa har gwiwa a waje. Baba ya zo da gadonsa. Tana ganinsa ta ce, "Wallahi ba zan hau makara da raina ba." Inna ta lallashe ta, mijinta ya yi faɗa, ta ƙi. Jinin kuwa bai tsaya ba.

Baba ya tsuguna ya ce, "Ladi, gawa ce ake fita da ita ta kai. Mu a can, mai rai ƙafafunsa ake sawa gaba, don na baya ya riƙa ganin fuskarsa. Ni zan riƙe baya. In kin ga na juya ki, ki tara mini jama'a." Sai ta hau. Shi da mijinta suka ratsa ruwan, idonta a kan fuskar Baba har bakin titi. Yau ɗanta har ya fara tsayuwa.

Amma tun ranar hannun Baba na dama ya daina ɗaguwa sosai. Likita ya ce ɗaukar kaya ya ƙare masa.

Baba, kai ne mai zuwa ba a biya ba, garkuwar lungunmu. Ka ɗauki mutane tun kana saurayi, ba wanda ya taɓa tambayar ka nauyinsu. Ka gaji, mun gani. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya.

Jama'ar Gyadi-Gyadi da Tarauni, damina ta sake kamawa, kuma akwai masu tsohon ciki a lungu. Baba ya ce zai koya wa duk mai so ɗaukar mutum a gadon, kowace Asabar bayan la'asar. Makon jiya na sa hijabina na je, na tarar ni kaɗai ce. Ya nuna mini yadda ake riƙo, ya ce na iya. Sannan ya dubi ɗaya ɓangaren ya ce, "To, 'yata, amma gado ba ya tashi da mutum ɗaya."