Ranar da Baba Ya Kalli Durƙusonsa

Ni dai bakina ne ya ja mini, ba zan ɗora wa kowa ba. Ƙanin mijina yana rubuta wa masu fim labari a Kano. Ya zo mana yawon sallah, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ya ce yana neman labarin tsofaffin 'yan gwagwarmayar talakawa. Sai na saki baki. Har abin da Inna ta faɗa mini a ciwon ajalinta, ta ce kada ya wuce kunnena, na kwashe na ba shi. Magana kuwa zarar bunu ce.

Baba da abokansa, suna samari, sun yi rantsuwa ba za su ƙara cire takalmi su durƙusa wa mai sarauta ba. A kan haka aka sha ɗaure su. Da wannan aka san Baba a ƙauyukanmu, har gobe in ya wuce ana cewa ga wanda gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa sai a sallah. To ashe ta taɓa. Wata shekara aka tsare shi a gidan hakimi, gero ya nuna, tsuntsaye sun sauka a gona, Inna da tsohon ciki, babu mai yanka. Ya durƙusa ya ba da haƙuri, aka sake shi. Ya je ya yanke geronsa, ya binne maganar.

Bayan shekara guda fim ya fito. Tsofaffi uku ne da suka yi siyasa tare, zaɓe ya matso, wani yana aiko musu da takarda cewa a cikinsu akwai wanda ya karya rantsuwa, suna ta zargin juna, ana bin su da mota. Na sa aka tura mini a waya, na kalla ni kaɗai a makarantar da nake koyarwa bayan an tashi. Da na zo wurin durƙuson, sai na gane labarin da na bayar ne. An sauya suna da gari, amma ga geron, ga mace mai ciki, ko makaho ya shafa ya san Baba ne.

Tsorona biyu ne. Baba zai gane ni na tona. Sannan ga Baffa, amininsa, wanda duk cikin 'yan rantsuwar su biyu suka rage. Baffa ba shi da sauƙi. Akwai abokinsu da ya karɓi rawanin dagaci, Baffa bai ƙara amsa sallamarsa ba har aka kai shi kabari. Duk Asabar yake hawo acaɓa daga wajen Shanono, su wuni a zaure. In ya daina zuwa, ban san da wa Baba zai yi hira ba.

Baba ba ya kallon fim, amma rediyo kamar a jikinsa aka halitta ta, kuma ran Asabar ake sharhin finafinai. Da Asabar ta zo na tafi gidan Baba da niyyar in zare batir, wallahi har da haka na ƙulla. Na makara. Na tarar da shi da Baffa kan tabarma bayan azahar, shiri ya yi nisa.

Wani malamin jami'a ne ke bayani. Ya yaba yadda fim ɗin ke riƙe mai kallo, ya ce tsofaffin sun iya wasa. Wata mata ta bugo waya ta ce wurin durƙuson ya sa ta kuka, ta kuma kwashe labarin tas ta faɗa, Allah ya shirye ta. Malamin ya ce ai nan ne fim ɗin ya faɗi. A cewarsa cin mutuncin tarihi ne, irin waɗannan mazan ba za su sayar da rantsuwa saboda 'yan dammunan gero ba.

Baba ya murɗe rediyon. Ya ce, "Wannan bai taɓa ganin tsuntsun jan-baki ya sauka a gona ba." Ya juyo gare ni. "Auta, kina da shi a wayarki?"

Ban iya yi masa ƙarya. Na jingina wayar da buta, na koma bakin ƙofa na zauna.

Suka haɗa kai suna kallo, suna ta kushe. Baffa ya ce hulunan duk sababbi ne, wa ya ga ɗan gwagwarmaya da sabuwar hula. Baba ya ce tsoho mai irin wannan gudun, a kawo masa maganin da yake sha. Ni kuwa ina ƙirga abin da ya rage. Aka zo wurin. Saurayin fim ya shiga gaban hakimi, ya zube ƙasa. Na ga Baba ya daina motsi, carbinsa ya tsaya.

Sai Baffa ya ja tsaki mai tsawo.

"Yaran nan ba su san komai ba," in ji shi. "Dubi ƙafarsa. Da takalmi zai durƙusa? Dogari ma ba zai bar shi ya tsallake zauren farko ba. Ni da na je, tun daga gindin tsamiya na cire nawa na riƙe a hannu, ƙasa tana ƙona ni."

Baba ya dube shi a hankali.

"Da ka je ina?"

Baffa ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Shekarar da aka kama shanun tsohona. In ban je ba, da baƙin ciki ya kashe shi." Ya ƙi ɗago ido. Ban taɓa ganin Baffa yana jin kunya ba sai ranar.

Sai Baba ya ce, "Kai ka yi nisa. Ni a bakin rijiya na cire nawa."

Baffa ya ɗago. Suka kalli juna, sai dariya. Suka yi ta yi har tari ya sarƙe su, na tashi na miƙa ruwa. Baffa yana share hawaye da bakin riga yana cewa, "Tsohon banza, shekara nawa ina jin nauyinka." Na koma na zauna. Tunda nake ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan yammacin ba.

Suka kalli sauran har ƙarshe, suka yanke hukunci cewa fim ɗin bai yi laifi ba, malamin rediyo ne bai san noma ba. Da aka kira la'asar Baffa ya fita alwala. Na sunkuya zan ɗauki wayata, Baba ya riƙe mini hannu.

"Auta, ki gaya wa ƙanin mijinki, in zai sake wani, ya zo ya tambaye ni," ya ce. "Uwarki ba ta wurin. A bakina ta ji, kuma rabi na faɗa mata."