Mutumin da yake kirana Sabi'u

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina hura wuta aka kira ni a waya, wai Baba Haruna mai gyaɗa na Toranke ya rasu.

Wanda ya san ni a kasuwar Ajingi ya san girki ne sana'ata, ya kuma san sunayen da aka laƙaba mini. A bayan idona "ɗan daudun nan", a gabana "Hajiya", sai a kwashe da dariya. Na saba har na daina juyowa.

Baba kuwa kullum "Sabi'u", sunan da aka yanka mini rago da shi.

Bai taɓa tambayata me ya sa muryata da tafiyata suke haka ba. Wata rana wani direba ya ce masa, "Baba, kai ma abincin wannan kake ci?" Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Wannan wa? Yana da suna. Kuma miyarsa ta fi ta gidanku."

Haɗuwarmu ta ƙarshe a sunan jikansa ne, ni na yi girkin. Da aka fito da abinci, maza suka zazzauna a tabarmi, kowane rukuni da kwanonsa. Na koma gindin darbejiya na tsaya, don na san ba mai sa hannu a kwano ɗaya da ni. Mata suna cikin gida, can ma ba wurina ba ne.

Sai na ji muryarsa: "Ku matsa wa ɗana. Sabi'u, wanke hannu ka zo."

Na zauna kusa da shi, na sa hannu a kwanonsa, ina danne kuka.

Wallahi yau kaɗaici nake ji. Wayata cike take da lambobin kwastomomi, na rasa wanda zan kira in yi wa kuka.

Jibi sadakar uku. Zan dafa shinkafa in kai Toranke. Ban san ko za su karɓa ba, ban san wa zai ce in zauna ba. Zan dai je.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ku da kuke karantawa, ko ba kwa yi da ni, don Allah ku sa shi a addu'a. Shi bai yi muku komai ba.