Kwamfutar da Yaya ya zaɓa don idon Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, mai haɗa kwamfuta, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Mutanen layin shagonsa Mai Fanka suke ce masa. Ni kuwa Yaya nake kiransa, kuma da shi zan yi magana yau.

Yaya, ka samu sunan nan ne domin ba wanda ya taɓa shiga shagonka ya fita bai sha wa'azi a kan zafi ba. Mutum zai zo da ɗokinsa yana son kwamfuta mai gudu, kai kuwa tambayarka ta farko ita ce, "A wane ɗaki za ta zauna?" Ko ƙusa ba ka zaɓa sai ka je ka ga ɗakin da idonka. Ka duba taga, ka shafa bayan tebur ka ga ƙura, ka tambaya ko rana tana dukan bangon da yamma. Akwai wani mai ɗaukar hoto da ya yi fushi ya tafi wani shago. Da tasa ta fara mutuwa ana tsakiyar aiki ya dawo yana sosa ƙeya, ka rufe shago ka bi shi.

Bara likita ya gaya mana ganin Inna yana tafiya, irin tafiyar da ba ta dawowa. Abu ɗaya ta roƙa: ta sake ganin marigayi Baba yana motsi kafin duhu ya rufe. Hotunansa suna cikin tsofaffin kaset na bidiyo a kwali ƙarƙashin gadonta, wasu har sun fara funfuna. Ni ce mai sana'ar tace bidiyo a gidanmu, don haka aikin ya faɗo kaina: in juye su, in gyara, in matse su yadda za su buɗe tas a talabijin ɗinta. Tsohuwar kwamfutata kuwa sai ta wuni tana nishi a kan kaset ɗaya, ta ɗauke a ƙarshe.

Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da kai. Na zo maka da hoton wata kwamfuta a waya, mai akwatin gilashi da fitilu kala-kala, da ƙaton katin hoto irin na masu wasan kwamfuta. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

"Auta," ka ce, "bidiyo za ki matse ko gidan rawa za ki buɗe? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Ka ce matse bidiyo aikin gayya ne, a nemi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai hannaye da yawa, kowanne ya ɗauki kasonsa. Ram, wato wurin riƙe aikin da ake kan yi, ta wadata, katin hoto madaidaici ya isa. Ma'ajiya biyu, ƙarama mai sauri don aiki da babba don ajiya, kada hoton Baba ya zauna wuri guda. A kan akwatin wuta kuwa ka ɗaure fuska, ka ce araha ba ta ado, shi ne idan zai mutu yake jan sauran kayan su tafi tare.

Amma fanka da akwati ka ƙi zaɓa, wai ba ka ga sabon ɗakin aikina ba. Na kwatanta maka, na kawo hoto, ka ce hoto ba ya nuna zafi. Na yi maka faɗa, na ce idon Inna ba zai jira taurin kanka ba. Matarka ta hana ka fita, likita ma ya hana. Wata rana daga wajen wankin ƙoda sai ga mota a ƙofata, ka fito kana dafa bango. Ka zauna a kujerata kana haki, ka ɗora tafin hannu a bangon yamma, ka ce a mayar da teburin kusa da ƙofa, a sayi akwati mai raga a gaba da babbar fanka mai juyawa a hankali. Na ji haushinka ranar, kuma ban taɓa ƙaunarka kamar ranar ba. Daga nan ba ka sake zuwa ko'ina ba sai asibiti.

Kayan sun iso kana kwance a can. Na haɗa ta da hannuna, kana gaya mini ta waya inda kowace igiya za ta shiga, numfashinka yana yankewa. Ba ka gan ta a kunne ba.

Bayan an kai ka makwanci na kasa shiga ɗakin aikina. Inna ce da kanta ta kore ni, ta ce in je in gama tun tana iya rabe fuska. Kwamfutar ta yi ta aiki ba ta yi ko tari ba. Jiya na kai mata bidiyo na farko. Ta jawo kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashin talabijin. Ga Baba a tsakar gida yana gyaran keke. Ta gan shi, Yaya. Ta ce, "Shi ne, ga shi nan," tana murmushi.

Sai muryar wani saurayi ta fito daga bayan kyamara: "Baba, ɗago kai mana, Inna tana kallonka." Ni na riga na ji ta a ɗakin aiki, na yi kukana, ban gaya mata ba. Ina ƙarama lokacin, ban san kai ne ka ɗauki kaset ɗin nan duka ba, kuma babu inda fuskarka ta fito.

Inna ta rufe idanun nan da muka yi ta tsere dominsu, ta ce, "Mayar baya, Auta. Wannan ba sai na gani ba."

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta maka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka da ta yi ɗawainiya da kai har ƙarshe, da 'ya'yanka, da abokan sana'arka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.